Ranar Biyan Bashi: Doguwar Tafiyar Keke Cikin Bazarar Sakkwato

Duk lokacin da muka zauna shirya doguwar tafiyar keke a nan Sakkwato, da wani ya kawo maganar zafi sai a tare shi da cewa, "Haba malam, mu da anka haifa cikin wagga rana?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya tashi a garin da ma'aunin zafi ke haura 40 daga Maris zuwa Mayu, jikinsa ya koyi abin da baƙo bai koya ba. Sai dai sabon da muka yi da rana sabon mai zama a rumfa ne, ko mai zuwa kasuwa ya dawo, ko ɗan kabu-kabu da iska ke kaɗawa ba tare da ya motsa ƙafa ba. Murza feda awa shida a kan kwalta, kwana uku a jere, sannan a wayi gari rana ta huɗu da kusan kilomita 100 a gaba, wannan wani karatu ne daban, kuma na ga ya kayar da mutanen da ko a mafarki ban zaci za su faɗi ba.

Hanyar da na fi sani ita ce zagayen kudu maso yamma. A tashi daga Sakkwato a bi ta Bodinga da Shagari a kwana Tambuwal, washegari a ratsa Jega a shiga Birnin Kebbi, rana ta uku a gangara Argungu, wadda gajeriyar tafiya ce, rana ta huɗu kuma a juyo gida. Hanyoyin gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, ba na yawon keke ba ne a wannan zamani, kowa ya san dalili. A wannan zagaye ranar farko da ranar ƙarshe kusan tsawonsu ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa yi zai gaya maka ba su haɗa hanya ba. Ranar farko ana tafiya ana raha, iskar gabas tana tura ka ta baya. Ranar ƙarshe iskar nan ce dai, amma yanzu a fuska take dukan ka, kuma jikin da ka hau keken da shi ba shi ne wanda ka baro gida da shi ba. Ya ci bashi kwana uku, kuma ranar nan ake zuwa karɓa.

Kafin a gane bashin sai an gane yadda jiki ke sanyaya kansa, kuma ba sai an je nesa ba, randar tsakar gida ta isa misali. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yumɓu yana tsattsafo da shi waje, iska ta busar da danshin, bushewar ta tafi da zafi. Randar da aka shafe da fenti ba ta sanyaya ruwa. Haka fatar mutum take. Jiki yana son zama a kan 37 a ma'aunin selshiyas, alhali tsokar ƙafa injin ce mai ɓarna: cikin ƙarfin da take ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zuwa ga feda, sauran duk zafi yake zama a cikin jiki. Da sanyin safiya iska tana ɗauke wani ɓangare na wannan zafin kai tsaye, domin ta fi fata sanyi. Da zarar zafin iska ya wuce na fata, wato wajen 35, lissafi ya juye. Iskar da ke kaɗa ka ta daina rage maka, ta koma ƙara maka, kamar hucin murhu. Ga rana daga sama, ga kwalta daga ƙasa, wadda zafinta kan wuce 60 da tsakar rana. Ƙofa ɗaya ta rage wa jiki, ita ce zufa da bushewarta.

A nan ne busasshiyar iskar Sakkwato ke yi mana alheri, tana kuma yaudarar mu. A watan Maris zufa ba ta zama a jiki, tana fitowa tana bushewa, sanyayawar tana aiki yadda ya kamata. Mutumin Legas da ke jiƙe sharkaf cikin danshi ya fi mu shan wuya ta wannan fuska. Amma shi yana ganin ruwan da yake zubarwa. Kai kuwa rigarka a bushe take, sai ka ɗauka ba ka yi asarar komai ba, har sai ka tsaya ka ga farin gishiri ya zana taswira a bayan rigarka da igiyar hular kwano. Mai tuƙa keke cikin irin wannan zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a kowace awa. Ciki kuwa da ƙyar yake karɓar lita ɗaya a awa ya kai ta jini, musamman ana cikin motsi. Ko da ka sha iyakar shanka, abin da ke fita yakan fi abin da ke shiga. Wannan giɓin shi ne bashin.

Ga yadda ake gane girmansa. Kilo ɗaya da mutum ya rage tsakanin safe da yamma, lita ɗaya ce ta ruwa. Idan ragin ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70 ko kusa da haka, ƙarfi ya fara raguwa. Jini ya yi ƙaranci, ga shi ana jan sa gida biyu, tsoka tana so, fata ma tana so don fitar da zafi. Zuciya sai ta ƙara gudu don ta cike giɓi. Shi ya sa hawan da ka yi da safe kana hira, da azahar sai ka ji ƙirjinka yana dakan sakwara a kan irinsa. A tafiyar yini ɗaya ba a cika damuwa ba, mutum zai koma gida ya sha ya ci ya kwana biyu. A tafiyar kwanaki kuwa, wanda ya kwanta da giɓin lita ɗaya a Tambuwal da shi zai tashi, ya ɗora wani a Birnin Kebbi, ya ƙara a Argungu. Ga barcin da ba ya isa saboda ɗaki ya ɗau zafi, wuta ta ɗauke, sauro yana kiɗa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ayarin keke haka abin yake babu ƙari, bambancin kawai wani ya san nawa ake bin sa, wani bai sani ba.

Ma'aunin da ya fi sauƙi kowa yana ɗauke da shi, ko da yake ba a son faɗa a taro: fitsarin asuba. Idan fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, an biya. Idan ya yi ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, kuma ɗan kaɗan ne, mutum bai shirya hawa keke ba tukuna. Ni a ganina shugaban tafiya ya cire kunya ya yi wannan tambayar kowace safiya, mutum bayan mutum.

Sai kuma gishiri, wanda nan ne masu ƙoƙari ma ke yin kuskure. Zufa ba ruwa zalla ba ce. Wanda ya ji an ce a sha ruwa, ya dinga ɗura ruwan leda babu ƙaƙƙautawa awa bakwai ba tare da ya ci wani abu mai gishiri ba, yana tsarma ɗan gishirin da ya rage a jininsa ne. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, kumburin yatsu, in ya yi tsanani har ruɗewa. Abin tsoro shi ne ya yi kama da ƙishirwa, sai a ƙara masa ruwa, a ƙara masa ciwo. Maganin yana hannun kowace uwa da ta taɓa jinyar yaro mai gudawa: ruwan gishiri da sukari. Ledar ruwa biyu lita ɗaya ce, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Ko a sayi ƙunshin a kemis. Mu kan sa kowa ya ɗauki gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya haɗin nan, yana kurɓa daga wannan zuwa wancan duk bayan minti goma sha biyar, ko ya ji ƙishi ko bai ji ba.

Abinci ma haka. Zafi yana kashe sha'awar ci, alhali ajiyar sukarin da ke tsoka da hanta ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi. In ta ƙare ƙafa sai ta zama kamar an cika ta da yashi, ido ya dinga ganin duhu-duhu. Ba ma buƙatar kayan kanti masu tsada. Dabino uku ko huɗu a kowace awa, ayaba, ƙuli-ƙuli saboda gishirinsa, kankana a wurin hutu, rake in an samu. Fura da nono kuwa ban ga abin da ya kama ƙafarta ba a hutun tsakar rana: ga ruwa, ga gero, ga nonon da tsoka ke so. Sharaɗi ɗaya ne, a dama ta da ruwan da aka yarda da shi. Mutanen ƙauyukanmu ba sa ganin baƙo cikin rana su kasa kawo masa ruwa, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. A karɓa a yi godiya, a jiƙa kai da wuya da riga da shi, a sha na gora. Cikin da bai saba da ruwan wata rijiya ba yana iya ɓaci, kuma gudawa a rana ta uku tana ninka bashin sau biyu cikin dare ɗaya.

Duk wannan shiri ne na jiki. Abin da ya fi shi nauyi shi ne agogo, kuma kakanninmu fatake sun riga mu sani. Ayarin da ke zuwa Gwanja ɗauko goro yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya da wurin ruwa, yana yin sammako, yana da zangon da aka riga aka sani. Ba su yi gardama da rana ba. Sakkwato tana can yammacin ƙasa, don haka ranarmu tana makara a kan agogo. A tsakiyar Maris tana fitowa wajen ƙarfe bakwai saura kwata, tana daidaita tsaka wajen ɗaya saura, tana faɗuwa wajen bakwai saura minti goma. Zafi kuma ba tsakar rana yake kai ƙarshe ba, sai ƙasa ta gama sha ta fara amayarwa, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, wato daga azahar zuwa la'asar. Mai lissafi sai ya ga yinin ya rabu gida uku: awa biyar masu kyau da safe, awa huɗu zuwa biyar da ba na keke ba ne, da awa biyu kafin magariba.

Ayari mai gauraye da manya da matasa yakan yi kilomita 18 zuwa 20 a awa, in babu tsayawa. In an idar da sallar asuba an hau da fitila wajen shida da kwata, kafin sha ɗaya da rabi an ci kilomita 70, har da ɗan tsayawar karin kumallo da faci ɗaya ko biyu. Sauran 30 a bar wa la'asar. In kuwa aka tsaya jiran mai shayi ya soya ƙwai, wani yana neman safarsa, wani yana ɗaukar hoto a bakin gulbi, aka tashi ƙarfe takwas, to awa biyun da aka zubar ba a ƙarshen yini za a biya su ba. A tsakiyarsa za a biya, lokacin da kawalwalniya ke rawa a kan titi. Da sanyin safiya ake kama fara. Shi ya sa nake cewa ranar zafi tun daren jiya ake fara ta: a duba taya, a shafa wa sarƙa mai, a cika gora, a ɗaure kaya, a sayi burodi da dabino a ajiye, a kwanta da wuri.

Yanzu ga wurin da nake son a tsaya a duba da kyau, domin a nan na ga abin da ya sauya mini tunani. Tafiya cikin ayari tana da rahama. Wanda ya laɓe a bayan tayar ɗan'uwansa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, kuma ranar dawowa daga Argungu, da iska a fuska, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu ƙarfi suna karɓa-karɓa a gaba, masu rauni suna tsakiya, wani gogagge yana can ƙarshe ba ya barin kowa a bayansa. Amma ayari yana da cuta guda, ita ce kunya. Mutum shi kaɗai in ya gaji sai ya tsaya. A cikin jama'a ba zai so a ce shi ne ya tsayar da tafiya ba. An rene mu a kan namiji ba ya raki. Sai ya cije, ya bi gudun da ba nasa ba, kuma duk ƙarin gudu ƙarin zafi ne a cikin jiki.

A wata tafiyar da muka yi akwai wani matashi, ɗalibi, wanda ya fi kowa ƙarfin ƙafa. Kwana uku yana gaba, yana waƙa, yana tsokanar manya. Rana ta huɗu mun makara, sai wajen takwas muka bar Argungu. Wajen sha biyu da rabi na lura waƙar ta ɗauke. Na matsa kusa da shi na ce, "Ƙanena, lafiya?" Ya ce, "Lahiya lau nike, Yaya, mu tai." Na yarda da shi, kuma har yau ina jin nauyin wannan yardar. Bayan kamar minti ashirin na ga tayarsa ta gaba tana zana maciji a kan titi. Gorarsa cike take, bai taɓa ta ba. Dattijon da ke jagorantar mu, wanda muke kira Madugu, ya sha gabansa ya ce, "Yaro, wane gari munka kwana jiya?" Ya yi shiru yana kallon sa, sannan ya ce Tambuwal. Madugu bai ƙara tambaya ba, ya ɗaga hannu kowa ya tsaya.

Muka ɗauke shi zuwa gindin wani gawo a gefen hanya. Albarkar gawo ke nan, yana ganye da rani lokacin da kuka ta tsaya tsirara ba ta da inuwar da za ta ba kowa. Muka cire masa hula da takalmi da riga, muka fasa duk ledar ruwan da ke motar rakiya muna kwarara masa daga kai har ƙafa, mutum biyu suna fifita da kwali. Sauran ƙanƙarar da ke kula muka naɗe a ƙyalle muka sa masa a wuya da hammata da matsematsi. Jikinsa kamar garwashi, kuma yana zufa, abin da ya sa wani ya ce ai tunda yana zufa da sauƙi. Wannan kuskure ne da ya yaɗu. Wanda zafi ya buge a cikin motsa jiki yana iya ci gaba da zufa. Abin dubawa shi ne hankali. Gajiyar zafi tana zuwa da jiri, ciwon kai, kasala, amai, ɗaurewar jijiya, amma mutum ya san inda yake, kuma in aka kwantar da shi a inuwa aka ɗaga ƙafafunsa aka ba shi ruwan gishiri da sukari yakan farfaɗo. In kuwa magana ta fara harɗewa, ko ya rikice, ko ya hau faɗa babu dalili, ko ya yi tangaɗi, to zafin cikinsa ya kai 40 ko ya wuce, ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa, kuma minti ake ƙirgawa. A fara sanyaya shi nan take a wurin, sannan a wuce asibiti ana ci gaba da zuba ruwa a hanya. Ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ma ba ta da aiki a nan, domin wannan ba zazzaɓi ba ne.

Allah ya taimake mu, bayan kamar rabin awa ya dawo, ya gane mu, ya fara kurɓar ruwa da kansa. Motar ta wuce da shi asibiti. Daga baya ne ya faɗa mana tun daren Birnin Kebbi cikinsa ya ɓaci bai gaya wa kowa ba, kuma da safen nan ya haɗiyi ƙwayar ciwon jiki guda biyu don kada a ga ya rage gudu.

Maganar ƙwayar nan tana bukatar a faɗe ta ƙarara. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diklofenak da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma ƙodar mai ƙishirwa dama a matse take. Haɗa su da yinin zafi neman ciwon ƙoda ne. Masu sa kuzari da masu kashe jin gajiya kuwa sun fi muni, domin gajiya ƙararrawa ce, su kuma suna tsinke wayarta. Duniyar tseren keke ta ga wannan da idonta ranar 13 ga Yulin 1967, lokacin da Tom Simpson, ɗan Ingila, ya faɗi ya mutu yana hawan dutsen Ventoux a gasar zagayen Faransa cikin tsananin zafi, aka kuma samu ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa. Zakaran duniya ne, ba ɗan koyo ba. Wata alama kuma da ba a wasa da ita: in bayan doguwar tafiya fitsari ya zama baƙi-baƙi kamar zoɓo, ga tsoka na ciwo fiye da ƙima, wannan tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda, asibiti ake zuwa a daren.

Tun daga ranar muka sauya tsari. Ba ma tambayar mutum ko lafiya yake, domin amsar a bakin kowa take. Kowa yana da abokin lura, kuma aikinsa ya duba gorar ɗan'uwansa ko tana raguwa, ya ja shi da hira, ya kula in mai surutu ya yi tsit. Madugu kaɗai ke da ikon cewa wane ya hau mota, kuma an yi alkawari tun a gida ba a musu da shi, ba a kuma tsokanar wanda ya hau. Shi da kansa yakan fara hawa motar na awa ɗaya a rana ta biyu, ko da bai gaji ba, don matasa su ga babu abin kunya. Gudun ayari kuwa na wanda ya fi kowa rauni ne a ranar. Ba kullum mutum ɗaya ba ne, jiya dattijo, yau mai ƙarfin da bai yi barci ba.

Zangon tsakar rana ana zaɓen sa tun kafin a tashi, gari mai masallaci da rijiya ko famfo da inuwar dogon yaro. A aika wa mai gari ko liman tun da wuri, a sauka da sallama. A jiƙa jiki, a ci abinci mara nauyi, a yi sallah, kuma addini ya yi wa matafiyi sauƙin ƙasaru. Sannan a yi ƙailula ta gaske, a miƙe ƙafa a kan tabarma. Matasa sukan ƙosa, su ce saura kaɗan, a ƙarasa mana. Kilomita 30 ɗin nan da ƙarfe biyu sun fi 70 ɗin safe haɗari. Kekuna ma a shigar da su inuwa, domin iskar taya tana kumbura da zafi, tsohon faci yana ɗagowa in sholisho ya yi laushi. Kuma a kula da inda ake jingine su, gefen hanyoyinmu cike yake da tsidau da ƙayar aduwa. Faci ɗaya a fili ƙarƙashin rana minti ashirin ne da mutum goma sha biyar za su tsaya babu iska babu inuwa, don haka tib na canji a jakar kowa ya fi kayan faci amfani a kan hanya, a bar facin sai an sauka.

Tufafi ba su da dogon bayani. Fari ko mai haske, dogon hannu, mara kauri, da ƙyalle a wuya da ake jiƙawa a kai a kai, wanda a busasshiyar iskarmu yake aiki kamar randa. Wandon hawa a wanke shi kowane dare, a shafa man kaɗanya inda sirdi ke gurza, don gishiri da gogayya suna buɗe fata, kuma wanda ya kasa zama a sirdi ya gama tafiya ko da ƙafarsa lafiya lau.

Akwai tambayar da ta dace a yi tun farko: me ya sa sai da bazara? Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna gasar zagayen ƙasarsu tun 1987, kuma a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba suke yin ta, ba a Afrilu ba. Mu ma lokacinmu mafi kyau daga Nuwamba ne zuwa farkon Fabrairu, ko da ƙurar hunturu tana da nata ciwon a ƙirji da leɓe. In hutu ko wani dalili ya tilasta Maris, to a ba jiki kwana goma zuwa sha huɗu ana fita awa ɗaya ko ɗaya da rabi cikin ɗumi kafin tafiyar. A wannan tsakanin ruwan jini yana ƙaruwa, zufa tana fara fita da wuri, gishirinta yana raguwa. Wannan shi ne sabon da ake nufi, kuma da aiki ake samun sa, haihuwa a Sakkwato ba ta bayar da shi. A kuma saurari gargaɗin zafi da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da iskar kudu ta fara kawo danshi ruwa bai sauka ba, zufa ba ta bushewa yadda ta saba, randa ta daina aiki. Ni ba na sa hannu a tafiyar kwanaki a wannan lokaci, haka ma cikin azumi.

Kashi na ƙarshe ana hawa ne bayan la'asar, wajen huɗu da rabi. Har yanzu akwai zafi, amma inuwa ta fara tsawo, jiki ya huce, ciki ya karɓi ruwa. Hatsarin yanzu na titi ne. Daga inda aka haɗe da babbar hanyar da ta taso daga Jega, ga tireloli, ga motocin albasar Aliero, ga direbobin da su ma rana ta gasa su. Gajiyayyen mahayi ba ya riƙe layi sosai, don haka a jeru ɗaya bayan ɗaya, motar rakiya a baya da fitilarta tana ƙiftawa, a bar tazara tsakanin taya da taya fiye da ta safe. Dole a shiga gari da sauran haske. In lissafi ya nuna magariba za ta riske mu kafin Bodinga, sai a loda kekuna a mota, babu shawara a kai.

A tafiyar da muka yi bayan waccan, mun wuce mahaɗar filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wajen shida da kwata. Madugu ya tsaya a gefe yana ƙirga mu da yatsa har mutum na ƙarshe ya wuce, sannan ya biyo baya. Ɗalibin nan yana cikinmu, likita ya ba shi izini bayan gwajin ƙoda. Gorarsa ta biyu saura kaɗan, kuma shi ne abokin lurar wani sabon yaro, yana ta damun sa da tambayar sunan garuruwan da muka ratsa. Da muka sauka, kafin kowa ya kama hanyar gidansa, aka fito da sikelin da muke yawo da shi a mota. Kowa ya hau, aka rubuta masa kilon da ya rage tun safe, aka ce ya sha lita ɗaya da rabi a kan kowane kilo kafin ya kwanta, da tuwo da miya mai gishiri.